Shin waya ce ta ceci ƙananan 'yan kasuwa lokacin korona?

Tambaya: Ina da shagon yadi da shadda. 'Ya'yana sun dame ni da cewa in koma yin talla a soshiyal midiya, wai ita ce ta ceci ƙananan 'yan kasuwa lokacin korona. Ni dai a wancan lokacin rufe shago na yi, na zauna ina cin jari. Da gaske ne ta ceci mutane, ko labari ne kawai? In da gaske ne, me suka yi, kuma me ya kamata in yi yanzu don kada irin wannan ta sake samuna ba shiri?

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. 'Ya'yanka sun faɗi gaskiya, sai dai ba su ƙarasa maganar ba. Aikina shi ne zama da ƙananan 'yan kasuwa muna duba lissafin shago da hanyoyin talla, kuma na yi wannan aiki kafin annobar da lokacinta da bayanta. Abin da na gani da idona shi ne, waɗanda suka tsallake ba masu dubban mabiya ba ne a Instagram. Mutane ne da lambobin abokan cinikinsu ke cikin wayarsu, aka san su da gaskiya tun kafin a rufe gari, sannan suka samo yadda kuɗi zai iso gare su da yadda kaya zai isa hannun mai shi. Duk wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, ko hoto dubu ya ɗora, yabo ya samu, bai samu ciniki ba.

Ka tuna yadda abin ya zo. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Najeriya, wani ɗan Italiya a Legas. Kaduna ta sa dokar hana fita tun 26 ga Maris, ba ta buɗe ba sai cikin watan Yuni. Ranar 30 ga Maris gwamnatin tarayya ta rufe Legas da Ogun da Abuja. Kano ta samu mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, gwamnatin jiha ta rufe gari ranar 16, sannan ranar 27 Shugaba Buhari ya sa wa jihar cikakkiyar dokar kulle. Ba a ɗage ta gaba ɗaya ba sai farkon Yuli, daidai lokacin da aka sake barin zirga-zirga tsakanin jihohi. Ga mai sana'a irin taka, babbar masifar ita ce lokacin da abin ya faɗo. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, aka yi ƙaramar Sallah 24 ga Mayu. Kai ka fi ni sanin cewa a wannan tsakanin mai yadi ke fitar da cinikin da zai riƙe shi watanni. Mutane sun riga sun yi sari, wasu ma da bashi, kaya na jibge a Kantin Kwari, ƙofa a garƙame. Ko da aka fara sassautawa a Kano a watan Mayu, ranakun Litinin da Alhamis ne na 'yan sa'o'i, kuma kasuwannin kayan miya da 'ya'yan itace irin Yankaba da 'Yan Lemo aka bari. Ga jiragen sama an dakatar, mai zuwa Dubai ko Sin sari ya tsaya. Ga iyakokin ƙasa a rufe tun watan Agustan 2019, mutanen Maraɗi da Damagaram da suka saba shigowa sari an riga an yi musu katanga tun kafin cutar ta zo.

A cikin wannan hali, manhajar da ta fi kowace amfanar mutanenmu ita ce WhatsApp, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina ta. Abin da ka ɗora a sitatus ba kowa ke gani ba, sai wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Wato duk mai kallon hotonka ya san ka: ko ɗan'uwa ne, ko maƙwabci, ko wanda ya taɓa sayen kaya a hannunka. Ba sai ka fara gamsar da shi cewa kai ba macuci ba ne, wannan an gama shi tun a shago. Sannan hoton na ɓacewa bayan awa 24, saboda haka mai kallo ya san kayan yau yake gani. Ga shi ba ta cin data kamar sauran, ga saƙon murya ga wanda karatun boko bai zauna masa ba. Dattijon da ba zai iya rubuta layi biyu ba yana danna maɓalli ya yi ciniki da bakinsa yadda ya saba, da gaisuwa, da tayi, da albarka, da sallamawa.

Akwai wani mai sayar da atamfa da leshi da na bi harkarsa a lokacin. Da ya ga alamar za a rufe gari, sai ya kwashe wani kaso na kayansa ya kai gida. Kullum da hantsi sai ya shimfiɗa farin zane a tsakar gida, inda haske yake amma rana ba ta bugawa kai tsaye, ya warware turmi ɗaya, ɗansa na riƙe da waya. Ya ɗauki bidiyo gajere yana shafa atamfar da hannu, ya juya bayanta a gani, ya nuna hatimin kamfani a bakin zanen, ya faɗi sunanta da kuɗinta da baki. Bai wuce kala biyar ko shida a rana ba. Da yamma bayan an sha ruwa, lokacin da mata suka zauna suka ɗauki waya, sai saƙonni su fara shigowa. Ya tara abin da aka saya, ranar da aka sassauta doka ya ba wani ɗan Adaidaita Sahu na unguwarsu ya rarraba gida gida. Bai yi cinikin da ya saba yi a azumi ba, ko kusa. Amma ya ci da iyalinsa, ya rage bashin uban gidansa, kuma da aka buɗe kasuwa ya koma da jarinsa. Maƙwabcinsa na shago, wanda ya fi shi kaya nesa ba kusa ba, bai taɓa karɓar lambar kowa ba, don a ganinsa duk mai so zai zo. Shi kam zaman da ka yi shi ya yi.

A nan dole in ba mata haƙƙinsu, domin su suka fi kowa gane wannan harka, kuma ba mamaki. Matar Bahaushe ta daɗe tana kasuwanci ba shago. Ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, dambun nama, turaren wuta, humra, ɗinkin hula, duk daga cikin gida ake yin su, yara su kai talla, ko dillaliya ta ɗauka ta shiga gida gida. Ta riga ta san yadda ake sayar wa mutumin da bai zo ba, da yadda ake bin kuɗi, da yadda suna mai kyau ke yawo daga bakin wannan zuwa kunnen waccan. Waya ta zo ta tsaya a matsayin farantin talla ne kawai, har ta fi, tun da ba sai an cire yarinya daga makaranta ba. A azumin 2020 mata da yawa sun riƙe gidajensu da kayan buɗa-baki: samosa, ƙosai, kunun gyaɗa, zoɓo, alkaki da dubulan na Sallah. Teloli mata da ɗinkin biki ya tsaya musu suka koma ɗinka takunkumin fuska da ƙyallen atamfa suna tallarsa a zaurukan WhatsApp na 'yan'uwa da na tsofaffin ɗalibai. A gidaje da dama maigida na zaune ba fita, cefanen daga ɗakin uwargida yake fitowa. In kana da mata ko 'ya mai sana'a a gida, ka zauna ka ga yadda take yi, za ka ƙaru fiye da abin da wani mai kwas zai koya maka.

Instagram da Facebook aikinsu daban ne. Su ne ke kai ka ga wanda bai san ka ba. Masu abaya da takalma da jakunkuna da kayan lefe sun samu masu saye daga Abuja da Legas da Fatakwal ta nan, har da 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka masu son a haɗa wa iyayensu kayan Sallah a gida. Amma baƙo ba ya tura kuɗi don ya ga hoto mai kyau. Sai ya leƙa shafin ya ga tun yaushe aka buɗe shi, ya karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa, ya nemi wanda ya taɓa saye. Shi ya sa waɗanda suka buɗe shafi ranar da aka rufe gari ba su ga komai ba sai bayan watanni, waɗanda kuma suka yi shekara biyu suna ginawa suka girbe. Ko a nan ma, ƙarshen ciniki a WhatsApp ake yin sa. Instagram ta nuna, WhatsApp ta sayar.

Akwai wata ɗabi'a da nake yaƙi da ita kullum, ta ɗora kaya ba farashi, a ce wai mai so ya biyo ta saƙo a gaya masa. Masu yin haka suna tsoron kada abokin hamayya ya ga kuɗinsu ya karya. Abokin hamayya ya riga ya san kuɗin, tun da wuri ɗaya kuke sari. Wanda kake ɓoye wa shi ne mai saye, shi kuma zarginsa ɗaya: za a kalli hotonsa a yanka masa farashi daidai rigarsa. Yawancin mutane ba za su tambaya ba, wucewa za su yi. Ka rubuta kuɗin. In kana son barin wurin ragi, ka bari, ai ciniki gadonmu ne.

Maganar biyan kuɗin talla kuwa, a bi a hankali. Na ga waɗanda suka ɗebi kuɗi daga jari suka ba wani fitaccen ɗan fim ko mai barkwanci ya ambaci shagonsu. Mabiya suka ƙaru da dubbai cikin kwana biyu, ciniki bai motsa ba, domin masu bin ɗan wasa dariya suka zo yi. Tallar da ake biyan Facebook kai tsaye ta fi dama, don kana iya zaɓar gari da shekarun waɗanda za su gani, kana iya farawa da kuɗi kaɗan ka ga abin da zai dawo. Amma ita ma ba ta da amfani in ba wanda zai amsa saƙo a kan lokaci. Mai tambayar shadda da safe in ba ka amsa ba sai dare, ya riga ya saya a wani wuri.

Sai batun kuɗi, wanda masu yabon soshiyal midiya ba su cika ambata ba. Lokacin kulle bankuna a rufe suke ko a takure, ga layi a bakin na'urar cire kuɗi. Abin da ya sa ciniki ya yiwu shi ne tura kuɗi ta waya, ko ta manhajar banki ko ta lambobin nan da ake dannawa ko a ƙaramar waya, da kuma masu POS na unguwa. Mutane da yawa a wannan shekarar suka fara yarda da taransifa. A nan kuma macuta suka shigo da alat na bogi: a turo maka hoton rasit ko saƙon da ya yi kama da na banki, ka saki kaya, daga baya ka duba ka ga ba ko kwabo. Ƙa'idar ɗaya ce, kuma ba ta da surukuta: kada kaya ya bar hannunka sai ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin ya zauna. Sannan ka ware asusun shago daban da na cefane, kuma sunan da ke kan asusun ya dace da sunan da aka san ka da shi. Mai saye na ganin an turo masa sunan wani daban, gabansa zai faɗi.

Kai kaya shi ne ya fi ba da wahala. A Kano an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013, saboda haka 'yan Adaidaita Sahu da samari masu babur na kansu aka dogara da su. A wannan lokacin ne sana'ar kai saƙo a babur, da akwati a baya, ta yi ƙarfi a manyan garuruwan Arewa. Tsakanin jihohi kuwa, motocin muhimman kaya irin abinci da magani doka ta bari, don haka mai yadi a Kano da mai saye a Jos sai haƙuri har aka buɗe hanya. Bayan an buɗe aka koma tsarin da muka sani: a kai tasha, a ba direba, a rubuta lambar mai karɓa a jikin ƙunshi, a tura masa lambar direba da ta mota. Abin da ke haddasa rigima a nan shi ne rashin yin magana tun farko. Wa zai biya kuɗin mota? In kaya ya ɓace ko ya jiƙe, asarar wa? In kalar ba ta yi ba, ana dawowa da shi, kuma cikin kwana nawa? A gama wannan a rubuce kafin a tura kuɗi.

Kada kuma a yaudare ka da cewa kowa ya tsira. Mai aski ba zai yi aski ta waya ba. Mai ɗakin taro, mai hayar kujeru da rumfa, mai ɗaukar hoton biki, mai kai yara makaranta, malamin makarantar kuɗi, mai shayi a bakin tasha, duk sana'arsu ta taruwar jama'a ce, kuma taruwar aka hana. Ga wanda ba shi da babbar waya, ga na ƙauye inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Kuma ko mai tallar ya iya, sai da kuɗi a hannun jama'a ake ciniki, alhali tattalin arzikin ƙasa ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari a watanni ukun Afrilu zuwa Yunin 2020, farashin ɗanyen mai ya faɗi, an karya darajar naira. Ƙididdigar hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta SMEDAN da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i sun sauka daga kimanin miliyan 41.5 a 2017 zuwa kimanin miliyan 39.6 a ƙarshen 2020. Gwamnati ta fito da tallafi, akwai bashin naira biliyan 50 na Babban Banki ta hannun bankin NIRSAL, da kuma asusun ceto ƙananan sana'o'i mai suna Survival Fund na naira biliyan 75. Su ma ta intanet aka riƙa cike su, da lambar BVN, saboda haka wanda ya saba da waya shi ya riga kowa shiga layi. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin waɗanda suka fi buƙata su ne suka fi nisa da ƙofar.

Yanzu ga abin da nake ba ka shawara, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Daga gobe, duk wanda ya sayi kaya a shagonka ka nemi lambarsa cikin mutunci, ka ce shi ma ya ajiye taka don ya riƙa ganin sabon kaya. Ka ajiye sunan da abin da zai tuna maka shi, misali garinsu da irin kayan da yake saye. Ka sa yaranka su sauke maka WhatsApp Business, kyauta ce, tana nan tun 2018. A cikinta akwai wurin jera kaya da hoto da farashi, akwai saƙon da ke amsawa da kansa in kana salla ko barci, akwai alamar da za ka sa wa wanda ya biya da wanda ake bi. Ka guji jefa mutane cikin zaure ba da izininsu ba, da tura musu hoto talatin da asuba. Wannan shi ke sa a toshe lambarka, kuma in masu ƙorafi suka yi yawa kamfanin na iya rufe layin gaba ɗaya.

Da yake shadda kake sayarwa, ka kula da kala sosai. Kyamarar waya na canza launi, musamman a ƙarƙashin fitilar shago: ruwan toka ya koma shuɗi-shuɗi, ruwan madara ya koma fari tas, sheƙin gezna ya ɓace ko ya yi yawa. Ka ɗauka a hasken rana, kada ka bar yara su ƙawata hoton da wata manhaja, kuma kada ka ɗauko hoton kamfani ko na wani shago ka ce naka ne. In mutum zai sayi mai tsada, ko zai ɗauki anko na mutum ashirin, ka kira shi ta bidiyo ya ga bandir ɗin a hannunka, ka auna yadin yana kallo. In ƙaramar shadda ce ka ce ƙarama ce. A shago, wanda aka cuta shi kaɗai ya sani, sai ɗan wanda ya gaya wa. A waya kuwa hoton abin da ya gani da na abin da aka aiko masa zai haɗa ya watsa, kafin magariba an san ka a garuruwan da ba ka taɓa zuwa ba.

Ka bar 'ya'yanka su riƙe ɗaukar hoto da ɗorawa, wannan fanninsu ne. Amma layin ya zama da sunanka aka yi rajistarsa, lambobin sirri suna hannunka, kuma kai ne mai yanke farashi da mai magana da manyan abokan ciniki. Na ga shagunan da yaron shago ya gina shafi da layinsa, ranar da suka rabu da maigida ya tafi da masu saye gaba ɗaya, ba kuma yadda za a yi da shi.

Kada ka jingina da manhaja ɗaya, domin ba taka ba ce. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, masu kasuwanci a can suka yi ta kuka. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duk duniya. A watan Satumban wannan shekarar aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Sannan farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun naira, wanda ba ya karɓar taransifa ya ga masu saye na juyawa daga bakin shagonsa. Don haka ka sayi littafi mai kauri ka kwafe sunaye da lambobin abokan cinikinka da biro, ka riƙa ƙara sababbi duk ƙarshen wata, ka ajiye shi a gida ba a shago ba. Ka buɗe asusu a wurare biyu, don in na wannan ya tsaya na wancan ya yi aiki. Ka kuma samu ɗan Adaidaita ɗaya da direban tasha ɗaya ko biyu da za ka riƙa ba su saƙo tun yanzu da gari ke lafiya, ku saba, su san gidanka, ka san nasu.